Gwandar Inna da Naman Tsohuwar Tunkiya

Shekarar da ƙanwata ta shiga ajin ƙarshe a jami'a, inda take karatun haɗa sinadarai, ta zo hutu gida Haɗeja da jaka cike da kwalabe. Washegari mahaifiyarmu, Inna, ta zaga bayan ɗaki ta tarar an tsattsage ɗanyun 'ya'yan gwandarta da reza, farin ruwa yana ɗiga cikin kofunan shayinmu.

"Wane ja'iri ne ya yi wa gwandata tsagar Barebari?"

Ƙanwata ta fito tana dariya. Ta ce cikin farin ruwan nan akwai wani abu da ake kira inzayim, mai sa sinadarai su haɗu ko su rabu da sauri, kuma a ruwa zalla yake aikinsa. A makaranta, in ji ta, sun saba narka kayan gwaji a wasu ruwaye masu hawa kai, ita kuwa so take ta nuna za a iya ba tare da su ba.

"Inna, in dafin ruwayen nan ya gangara kogi, tarwaɗar da kike so ce za ta fara sha."

Inna ta taɓe baki. "To, mu gani a ƙasa."

Ranar na sayo naman wata tsohuwar tunkiya mai tauri kamar ƙiri. Ƙanwata ta shafe shi da ruwan gwandar don ya yi laushi, ba kaɗan ba, ta ce a ba shi ɗan lokaci. Sai ƙawarta ta kira ta bikin suna a Kaugama, ta shige mota, ta manta. Mu kuma muka yi ta jiran malama ta dawo ta ba da izini.

Sai bayan la'asar ta dawo, aka ɗora tukunya. Da aka sauke, Baba ya yi ta lalube da ludayi.

"Ina naman?"

Ya narke, ya zama fate. Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana ƙunshe dariya, Inna tana tafa hannu tana salati. Kakarmu kuwa, wadda rabonta da tsoka tun da haƙoranta suka zube, ta shanye kwanonta tas, ta miƙo a ƙara.

"Ke, 'yar boko," ta ce, "gobe ma ke za ki yi girki."

Har hutun ya ƙare, kullum sai da aka ware wa Kaka 'yar tukunyarta daban, ta nama mai ruwan gwanda.