Fitilar Murhun Inna

Shekarar da aka tura ni koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Gumel, duk Juma'a nakan hau mota in tafi Ɗanzomo wurin mahaifiyata. Sana'arta waina. Da asuba take hura wuta, tana zuba ƙullu a tanda, tocila a maƙale tsakanin kafaɗa da kunci. Idonta ya fara rauni, sau biyu mai yana ƙona mata yatsu.

A aji kuwa nakan gaya wa ɗalibai cewa zafi na iya komawa lantarki: ko a tafasa ruwa tururi ya juya inji, ko a sami wani ɗan faranti wanda in gefensa ɗaya ya ɗau zafi, ɗayan yana sanyi, sai wuta ta bi waya. Daga littafi nake faɗa, ban taɓa gani ba. Wata safiya ina kallon zafin murhun Inna yana tashi a banza, na ƙudurta sai na mayar da shi fitila.

Da aka yi hutu na je kasuwar Maigatari, rumfa rumfa, har na faɗa wurin wani dattijo mai gyaran firji. Ya kwance wata matacciyar na'urar sanyaya ruwa, ya ciro farantin, fari, bai kai tafin hannu ba.

"Malama, wannan ai sanyi yake yi in an ba shi wuta," in ji shi.

Na ce, "Ni zafi zan ba shi, Baba, ya ba ni wuta."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya haɗo mini guda huɗu.

Na farko na ɗora shi kai tsaye kan garwashi. Kafin in ɗaura waya, dalmar cikinsa ta narke. Na biyu ya kunna ɗan ƙwan fitila na ƙiftawar ido, sannan shi ma ya lalace, domin gefen saman ma ya ɗau zafi. Inna ba ta ko ɗago kai daga tanda ba.

"Ke 'yar nan, ki bar mini murhuna in nemi abinci."

Ban bari ba. Na koma gefe da nawa garwashin, kwana tara ina gwaji. Sai na gane ba yawan zafin ake so ba, tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi ce ke aiki. Na sa maƙeri ya yanko mini ƙarfe mai kauri, na soka bakinsa ɗaya a gefen murhun Inna, na jera farantai biyun da suka rage a ɗaya bakin, na ɗora musu ƙaramar tukunya cike da ruwan randa, na haɗa wayoyinsu da ƙwan fitilar.

Ƙwan ya yi ja-ja, ya yi fari, ya tsaya. Na rataye shi a sanda daidai saman tanda. Inna ta juya waina uku a cikin haskensa, sannan ta sauke tocilar daga kafaɗa ta ajiye a ƙasa.

"In ruwan ya yi ɗumi fa?"

"Sai a sake wani, Inna."

"To, matso mini da randar kusa."

Da aka koma makaranta, da kurfoti da buhun gawayi na shiga aji.