Ƙumar da Ta Shiga Katifar Nas

Shekara talatin da ɗaya mai katifa ya yi a shago ɗaya. Ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, da keken ɗinki, da buhunan auduga jibge har rufi, da wata baƙar kyanwa mai tsare su daga ɓeraye. Shi ba ya yarda da maganar baki. Mai kawo auduga zai rantse sabuwa ce, shi kuwa sai ya zura hannu har gwiwa cikin buhu ya shinshina. Ko aikin hannunsa bai yarda da shi ba. Duk katifar da ya ɗinka, sai ya shimfiɗa ta ya kwanta a kai, ya juya dama ya juya hagu, ya ji inda ta yi tudu da inda ta loɓa, sannan a ɗauka. Da wannan aka san shi.

Wata safiya sai ga wata nas ta turo katifarta a baro. Sati biyu ke nan da ya ɗinka mata. Ta nuna masa idon sawunta, duk jajayen ƙuraje.

"Baba, dubi ƙafata. Ni da nake ba mutane maganin ƙaiƙayi, ni ce nake susa a gaban marasa lafiya."

"Sauro ne."

"Sauro yana tsalle? Ƙuma ce, Baba, da farcena na murtsuke ta. Kuma ba ni kaɗai ba ce, matar direba ma kukan da take yi ke nan."

Ya san idan zancen nan ya zagaya layin, kowa wajen masu katifar soso zai koma, shi da audugarsa sai su zauna suna kallon juna. Har ya raya a ransa ko masu soson ne suka turo ta. Da ta tafi ya farke katifar, ya baza audugar a kan farin ƙyalle, ya bi ta da yatsa. Cikinta fes. A bakin ɗinki, ta waje, nan ya ga ƙuma guda biyu. To, daga waje suka zo.

Ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa kan karen bakanike, maƙwabcinsa, kwance a inuwar bangon shagon.

"Bakanike, wannan karen naka, yaushe rabonsa da wanka?"

"Tun ranar da ka yi naka, Dattijo."

"Ba wasa nake ba. Ya cika mini kaya da ƙuma."

Bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu. "Duk wata nake masa wanka da maganin likitan dabbobi. Waccan sarauniyar taka fa, wa ya taɓa bincikarta?"

"Kyanwata ba ta hawa katifa. Tun tana ƙarama na hore ta."

Shekara ashirin suna shan shayi a benci ɗaya. A ranar nan bakanike ya ɗaure karensa a bayan gareji, ya janye bencin ma ya shigar ciki. Mai katifa ya ce a ransa, da ba shi da laifi ai da bai yi fushi ba.

Bayan kwana goma aka sake dawo da wata katifar, ita ma da ƙuma, alhali an ɗinka ta ne bayan an ɗauke karen.

Matarsa na wanki a tsakar gida da ya koma. Ta kira shi ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, zo ka ga baƙinka."

Wandonsa na aiki ne a jiƙe cikin baho, ga wasu baƙaƙen abubuwa suna iyo a kan kumfa.

"Ke dai kin tsani kyanwar nan tun ba yau ba."

"Na tsane ta, ban ɓoye ba. Ka ce ba ta hawa katifa, na yarda. Cinyarka fa? In kana kan keke, a ina take kwana?"

Ita ma bai yarda da ita ba. Shi dai ya san yana susa, amma shekara talatin yana susa, ƙurar auduga ya ɗauka.

Washegari ya rufe ƙofar shago rabi. Ya zauna kan keke, kyanwar ta ɗare cinyarsa kamar kullum, ya bar ta har ya gama ɗinka matashi biyu. Sannan ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ya kwanta, ya juya dama ya juya hagu, ya tashi ya tsuguna. Ƙuma ɗaya ta yi tsalle a kan ƙyallen. Ta biyu ta bi ta. Ya daɗe a tsugune.

Bai iya ban haƙuri ba, bai kuma koya ranar ba. Ya yanka yadi mai kauri, ya ɗinka shimfiɗa daidai tsawon bencin nan, ya kai gareji ya ajiye. Bakanike ya latsa ta da babban yatsa.

"Ka kwanta a kanta?"

"A'a."

"To, na karɓa." Ya shiga ciki ya fito da kwalbar maganin. "Rabin murfi a bokiti. Ka sa safar hannu, sarauniya za ta yage ka."

Ta kuwa yage shi. Ya wanke ta, ya kwashe shagon kaf, ya share, ya fesa magani. Matarsa ta ware masa wani wando daban, a ƙulle cikin leda, na kwanciyar gwaji kawai.

Da nas ta zo ɗaukar katifarta, ya gaya mata yadda aka yi, bai rage komai ba. Ta dubi kyanwar, ta dubi wandonsa.

"Wannan ma ka kwanta a kanta, Baba?"

"Na kwanta. Babu komai yanzu."

"Na ji. Amma a bar ta a rana kwana uku, in zo in duba bakin ɗinkin da kaina."

Ya kama gefen katifar ya ja ta waje.

"Da ni ne," ya ce, "huɗu zan ce."