Wai Kakanmu Tela Ne

Jiya a gidan biki a unguwar Mahjar ta Jidda na ji kawuna yana gaya wa yara wai kakanmu tela ne, halas, shi ke nan. Sai da na ajiye shayin da ke hannuna.

Ɗinki a Jidda Kaka ya koye shi. A Kano ɗan wasan barkwanci ne, yana hawa dandamali yana kwaikwayon Di'o, har Turawa suka kulle shi. Abin da kawu yake kira abin kunya ke nan.

Ranar da aka kama babana don iƙamarsa, wato takardar zama, ta ƙare, gidanmu kamar an yi mutuwa, ko wuta ba a hura ba. Kaka ya shafa fulawa a fuska, ya cusa matashi cikin riga, ya tako yana magana ta hanci: "Wa ya ba ku izinin kuka? Kun biya harajin hawaye?" Mama ta yi dariya har ta ƙware, ta tashi ta ɗora tukunya.

Kawu yana wurin. Har ƙari ya yi.

Allah Ya jiƙanka, Kaka, Ya faranta maka yadda ka faranta mana, Ya shirya masu son binne ka sau biyu.