Kabewa Uku a Jigawar Baffa

Ban san lambar shekarar ba, don a lokacin babu mai boko a gidanmu, ni ma sai da furfura ta fara fito mini na zauna a aji. Amma duk tsarana a ƙauyenmu ya san ta. Ita ce shekarar da kogi ya tsallake jinga har aka shiga masallacin Juma'a da kwalekwale don a kwaso tabarmi. Da hantsi ruwan ya shigo gidanmu, Inna tana cikin surfen gero. Na ga turmi ya kwanta yana yawo a tsakar gida, kaji sun ɗare danga, Baba kuma ya goya mahaifiyarsa, Iya Falmata, yana ratsa ruwan da ita, tana dukan kafaɗarsa tana cewa a koma a ɗauko mata gora. Ba a koma ba. Kafin azahar rumbun da gorar take rataye a ciki ya jiƙe daga gindi, ya durƙusa, ya narke.

Irin kabewa ne a cikin gorar. Iya ta zo da shi tun tana amarya, daga garinsu na bakin Tafkin Chadi, a ƙulle a haɓar zane. Kabewar ba ta wuce kan yaro girma ba, bawonta toka-toka mai kaushi, cikinta ja wur, ba ta da ruwa. Babu mai ita a yankinmu sai mu, ba don rowa ba, sai don mutane sun raina ƙanƙantarta, sun fi son manyan da za a kai kasuwar Haɗeja. Mu ma ba ma miyar taushe da ita. Gasa ta ake yi, in kaka ta yi, an gama yankan shinkafa, hannu ya ɗan huta.

Ranar gashi mu yara ake tasa da sassafe. Mu haƙa rami a bayan gida, mu tara karan dawa da itacen bagaruwa, a hura wuta har ta zama garwashi. Ni da Sabo, ɗan Baffana Umaru, mu ne masu zuwa bakin kogi ɗebo laka, kuma ba mu taɓa dawowa da wuri ba, sai mun yi iyo, mun laluba ramukan tarwaɗa, mun yi langa a kan yashi. Kafin mu dawo Iya ta zauna a kan tabarma da wuƙarta. Takan yanka kewayen kan kabewar ta ɗage shi kamar murfi, ta sa hannu ta kwashe 'ya'yan tas ta zuba a faifai. Sai ta duba cikin sau biyu kafin ta zuba zuma, ko mazarƙwaila in zuma ta yi wuya, da ɗan man shanu da gishiri kaɗan. Ta mayar da murfin, mu shafe kabewar da laka, a binne ta cikin garwashi, a rufe da toka da ƙasa. Tun hantsi sai la'asar ake tonowa. In an fasa lakar, ƙamshin har gidan liman. Manya su ci da tuwon shinkafa, mu kuma mu jira a ba mu bawon mu kankare inda zumar ta kama. 'Ya'yan kuwa a wanke, a shanya, a cuɗa da toka, a ɗura a gora. Kullum maganarta ɗaya ce: "Iri kafin wuta. Wanda ya ci iri ya ci baɗi."

Wannan duk kafin kakana ya rasu ne. Da aka raba gona, Baba ya sami fadama, Baffa Umaru, wanda shi ne babba, ya sami jigawar da ke sama da ita. Baffa ya ce an cuce shi, an ba shi yashi an ba ƙaninsa shinkafa, kuma Iya ce ta kitsa. Da ta gama takaba ta zaɓi zama a gidanmu, sai ya ce to ga shaida nan. Ya ja danga tsakanin gidajen biyu, ya toshe 'yar ƙofar da muke bi. Ya hana Sabo wasa da ni. In mun haɗu a tsaron tsuntsu, kowa na kan rumfarsa yana kaɗa gwangwanaye, sai dai mu kalli juna daga nesa. Baba yana gaishe shi a masallaci, shi kuma yana amsawa da ka, kamar mai korar ƙuda. Iya kuwa sai ranar salla yake zuwa gaishe ta, daga tsaye.

Ambaliyar ta cinye fadamarmu gaba ɗaya, shinkafa da kuɓewa da duk kabewar da aka shuka. Jigawar Baffa ruwa bai taɓa ta ba. Da ruwa ya janye muka je duba ɓarna, sai Baba ya tsaya cik a bakin iyaka. Gindin kabewa ɗaya, wanda Iya ta shuka da hannunta a kan kunyar ƙarshe, bai mutu ba. Saiwarsa tana gefenmu, amma yaɗonsa ya gudu daga ruwa ya haura cikin geron Baffa, can kuma ya yi 'ya'ya uku. Duk duniya abin da ya rage na irin Iya ke nan.

A garinmu akwai yadda ake yi in kabewa ta tsallake iyaka. Mai saiwa ba ya shiga gonar wani ya tsinka. Mai ƙasa ne yake tsinkewa in ta nuna, ya raba biyu, ya aika wa mai saiwa rabinsa. Ba a taɓa kai irin wannan gaban mai unguwa ba, don abin kunya ne. Baba ya jira har karan kabewar ya bushe, alamar 'ya'yan sun ƙosa, sannan ya ɗauke ni muka je ƙofar gidan Baffa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Yaya, ka riƙe su duka ukun, ku ci da yara. 'Ya'yan kawai nake roƙo, saboda Iya." Baffa yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ban saba cin haƙƙin mutum ba, Idi. Wannan sana'ar wasu ce. Rabi aka ce, za ka ga rabinka."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya muka ga hayaƙi a bayan gidansa tun da safe. Da la'asar ƙamshi ya tsallako danga. Iya tana zaune a inuwa, ta ɗaga hanci, har ta yi murmushi, ta ce ashe Umaru bai manta ba. Can sai ga sallamar Sabo da akushi a ka. Ya ajiye a gabanta ya juya da gudu, ko kallona bai yi ba.

Inna ce ta buɗe. Kabewa ɗaya da rabi ce, an raba daidai, ko mai awo sai haka. Amma ba a yanka mata murfi ba, ba zuma, ba mai. An gasa ta ne yadda take, 'ya'yan suna ciki, sun dahu luguf a cikin jan naman. Iya ta jawo gudar ta juya ta a hannu. A jikin bawon akwai ƙananan huji kewaye, irin na basilla. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san kabewar da ba a buɗe ba fashewa take yi a wuta, ta watsar da cikinta, wani lokaci har a tsinci 'ya'yan da ba su ƙone ba. Baffa ya zauna ya huda kowacce don kada ta fashe. Ba mantuwa ba ce, aiki ne aka yi shi a natse.

Iya ta zaro ɗa ɗaya ta matsa shi da farce, ya lotse. Ta zaro wani, shi ma haka. Ta yi ta zarowa tana matsawa har ta ƙare gudar. Baba ya miƙe ya nufi inda gatari yake, ta ce, "Idi, zauna. Ni na haife shi." Ya zauna. Sai ta ce a raba wa yara, abinci ba ya laifi. Ƙannena suka ci. Ni na karɓi nawa na fita na wurga shi ta saman danga cikin gidan Baffa, na kuma sha bulala a kan haka, ban kuwa taɓa yin da-na-sani ba.

Duk da haka Iya ta sa aka wanke 'ya'yan rabin da ya rage, aka shanya, aka cuɗa da toka. Da damina ta faɗi ta sa na rako ta bayan gida, ta shuka su rami-rami tana dogara sanda. Kowace safiya sai ta aike ni in duba. Na yi ta dubawa har ciyawa ta rufe wurin. Wani ɗan uwanta mai fataucin kifi ya yi alkawarin nemo mata irin a garinsu, ya dawo ya ce ruwan tafki ya ja baya, mutanen garin sun watse, bai sami wanda ya san ta ba. Ba ta ƙara zama a bakin ramin gashi ba har ta rasu.

Yanzu kabewa ta cika kasuwa, manya-manya, mutum ɗaya ba ya ɗaga wata. Na sha saya in haƙa rami in gwada wa 'ya'yana, sai ta saki ruwa ta tsinke, su ɗanɗana don kunyata su koma ga biskit. Suna tsammani santin tsufa ne yake sa ni yabon wata kabewa da ba su taɓa gani ba, ba ni kuma da abin da zan nuna musu. Baffa ya daɗe da rasuwa. Na bi sallarsa, na sa hannu a makararsa, malamai sun ce a yafe, na kuma furta da baki. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaida, amma har yau in na bi ta jigawarsa ba na kallon wajen. Mutane suna cewa ambaliya ce ta yi mana ɓarna a shekarar nan. Ruwa ya ci rumbu ɗaya, ɗaki biyu, akuya huɗu da noman shekara, duk kuma mun mayar. Baffa ya ci kabewa uku, da irin da Iya ta riƙe tun tana amarya, da ƙani ɗaya, da uwa ɗaya.