Buhu Huɗu na Garin Kwaki

Har yau in aka jiƙa garin kwaki kusa da ni, tsami-tsamin nan ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. Garin bai yi mini laifin komai ba. Ƙanen mahaifina yake tuna mini, wanda muke kira Baba Ƙarami. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ya ƙona mana rai.

Ina da kamar shekara tara lokacin da fari ya ci ƙauyenmu na kusa da Cadawa. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Rumbunanmu suka zama fanko, har irin shuka an daka an sha kunu. Abin da ya rage mana sa ɗaya ne, shi ma kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga zaure. Manya suka yanke a sayar da shi, Baba Ƙarami ya je Jibiya ya saro garin kwaki, a riƙa sayarwa tiya-tiya. Riba a ci, uwar kuɗi a sayi iri kafin ruwa ya sauka. Ya dawo da buhu huɗu a kan amalanke, yana taku kamar wanda ya dawo daga Makka.

Kakarmu ta tsufa tana sayar da daddawa daga cikin gida. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, kayanta kuma ba sa kwana. Ta kira shi ta ce, "Aika ma matan da ke kwaɗo a kasuwa, da malaman lakol, na boko, masu albashi. Ka hwaɗa musu kuɗin tiya. Ya isa."

"Inna, wanga zamani sai da shela," in ji shi.

Sai ya nemo maroƙin garinmu, ya ba shi goro da ƴan daloli. To, maroƙi aiki ɗaya ya gada, yabon mai kyauta. Ranar kasuwar Cadawa ya ratsa rumfuna yana kiran sunan gidanmu, yana cewa ɗan gidan ya sauke buhuna ba adadi, ya rantse ba mai kwana da yunwa yana raye. Bai ambaci farashi ba. Ko kalmar sayarwa ba ta fito daga bakinsa ba. Baba Ƙarami yana biye da shi, bakin nan har kunne.

Washegari kafin hantsi ƙofar gidanmu ta cika. Tsofaffi daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, da matan makiyaya waɗanda shanunsu suka ƙare, kowa da ƙwarya ko kwano. Wata tsohuwa ce a gaba. Ta miƙa ƙwaryarta tana sa masa albarka, leɓɓanta duk sun tsage. A wurinmu, wanda aka yaba da kyauta a bainar jama'a ba ya buɗe baki ya ce a biya. Ya auna mata. Da ya auna wa ta farko, ta biyu ta matso.

Kaka ta leƙo daga bayan danga. "Ka hwaɗa musu na saidawa ne?"

"Inna, da wane baki?"

Abin da ya fi ci mini rai da na girma shi ne, masu kuɗin ba su zo ba. Wane malamin lakol zai shiga layin sadaka ɗalibansa suna kallo? Matan kwaɗo ma suka tafi wurin wani mutumin Gazawa, suka saya da tsada. Kwana uku aka kakkaɓe buhu na huɗu.

Ruwa ya sauka a kan lokaci a daminar da ta biyo baya, ƙasa tana ƙamshi, mu kuwa ba ko ƙwayar iri. Mahaifina ya yi daminar yana ƙwadago a gonakin mutane, tamu ta cika da tafasa, ita muka ci. Ba na ƙyashin waɗanda suka karɓa, yunwa ce ta kawo su. Da an zauna an ce sadaka za a yi, da na haƙura tuntuni. Amma ba wanda ya yi niyya, bakin maroƙi ne ya raba mana sa.

Yanzu a garin Agiye nake, ina rubuta wa ƙananan ƴan kasuwa allon shago, ina shirya musu tallar rediyo. Gonaki sun matse, waya ta shiga kowane aljihu, amma halin yana nan. Kowa so yake a kuranta shi, farashi kuwa sai na yi da gaske ake yarda a faɗa. Makon jiya wani mai man gyaɗa ya kunna mini waƙar da aka rera masa, minti biyar cur, an yabi kakanninsa, an ce hannunsa ba ya rufuwa. Ya zuba mini ido yana jiran in yaba.

Na ce masa, "Ta yi daɗi, Alhaji. Ka hwaɗa musu na saidawa ne?"