Hancin Ya'u da Ƙafata ta Dama

Kafin kowa a Dutsin-Ma ya ga zarto mai inji, ni Labaran na gan shi, don a kafaɗata aka sauko da shi daga mota, shekarar da aka rarraba jihohi. Zarton na Alhaji Mamuda ne, mai sayar da katako. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Shi ya sa na ce a rubuta wannan a kan Ya'u, makaniken Kurfi, wanda ya ajiye sifana bana saboda ido.

Tun zamanin Turawa, in ya fito masallaci da asuba sai ya shimfiɗa buhu a bakin kasuwa, ya jera sifanoninsa. Keke, keken ɗinki, injin niƙa, duk a kawo. Ba ya fara kwance inji. Sai ya saurare shi, ya sansana shi tukuna.

Wata rana da hantsi muna yankan maɗaci a bayan Kurfi, iccen ya juya ya danne mini ƙafar dama. Da wani ne da ya suma, ni ko ihu ban yi ba. Aka gwada gatari, kowace sara sai gungumen ya ƙara zama a kan ƙashi. Sai dai zarto, shi kuwa ya mutu. Ilu, mai aiki da shi, ya ja igiyar tayar da shi har ya gaji. Ƙafata ta fara sanyi.

Aka ɗauko Ya'u a keke. Bai ko dube ni ba, ya kai hanci bakin salansa, inda hayaƙin zarton ke fita.

"Ilu, ƙuli-ƙuli kake toyawa a ciki?"

"Baba Ya'u, baƙin mai ne ya ƙare, na haɗa fetur da man gyaɗa. Ai duk mai ne."

"To gobe ka ba shi man shanu ya yi ƙiba."

Na ce, "Ya'u, ƙafata!"

"Tana nan inda take, Labaran. Yi mani shiru."

Ya zubar da abin da ke tanki. Ya kwance fulogi, ga shi baƙi ƙirin, ya yi danƙo. Ya kankare, ya wanke da tsantsar fetur, ya buɗe kafireto ya hure ramukansa da baki. Ya sa aka tsiyayo baƙin mai wajen mai injin niƙa, ya haɗa shi da fetur da hannunsa. Ya ja, inji ya yi tari. Ya sake ja, ya ɗauka. Aka datse gungumen, aka janye ni. Mai ɗori ya ce da an ƙara jimawa, sai an yanke ƙafar.

Kai ne, Ya'u, mai jin ciwon ƙarfe da hanci. Kai ne ka wanke hannu da ƙasa ka hau keke, ba ka tsaya an yi maka sannu ba. Na gode, Allah ya saka. Ku makanikan yanzu, ku riƙa sauraro kafin ku ɗauki sifana.

Wanda kuma ya ce ƙarya nake, ya zo in ɗage masa wando ya ga tabon. In bai ishe shi ba, mu taka a ƙasa daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, mu ga wanda zai fara neman inuwa.