Idi Ɗanɗana da Ƙishirwar Motarsa

Ku da kuka san Idi, ku faɗi gaskiya: akwai wanda ya taɓa samun gaisuwarsa kafin motar da ta kawo shi ta samu? Babu! Kana miƙa masa hannu, shi kuwa ya riga ya durƙusa, kai a ƙarƙashin mota. In ya ga danshi a ƙasa sai ya dangwala da yatsa, ya kai bakin harshe, ya lumshe ido kamar an ba shi miyar amarya. Sannan ya miƙe ya yanke hukunci: baƙin mai ne, ko man birki, ko ruwan radiyata. Daga nan sunan Ɗanɗana ya manne masa, har ƴaƴansa in an tambaye su ɗan wa, haka suke cewa.

Ni kuwa taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka duk abin da na faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Kuma a tsohuwar bashensa, motar nan mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya, wadda ya raɗa wa suna Hajiya, na yi shekaru ina kai bandar kifi da tumatir kasuwar Maradi. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Ranar sunan jikan liman, wani baƙo ya zo daga Gabi da ƙaramar mota sabuwa fil. Idi ya hango jiƙa a ƙarƙashinta. Babu wanda ya kira shi, amma ya ratsa taro, ya durƙusa, ya dangwala, ya ɗanɗana. Ya lumshe ido. Ya sake dangwalawa.

"Alhaji, kwantar da hankalinka," in ji shi, "wannan ba daga radiyata ba ne."

Bai rufe baki ba sai ga bunsurun liman ya fito daga ƙarƙashin motar yana miƙa. Jama'a, dariya har da masu faɗuwa daga kan tabarma! Idi ya tofar da yawu, ya goge baki da hannun riga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, mi na ce? Na ce ba radiyata ba ne. Na yi ƙarya?"

Mutumin da ke duba motocin duniya kyauta, sai Allah ya jarrabe shi da tasa. Wata bazara Hajiya ta fara shan ruwa. Da safe ya cika ta har wuya, kafin mu ga gidajen Maradi allurar zafi ta haye, a buɗe a tarar ruwa ya yi ƙasa. Amma ɗigo ɗaya babu! Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ya tarar da shi ƙamas. Ya bi tiyo-tiyon nan duka yana matsawa kamar mai tatsar nagge. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya duba ko ruwan can yake shiga, mai yana nan baƙi wuluk, bai yi fari-fari ba. Ya koma baya ya sa hanci a bututun hayaƙi har ya yi tari, babu farin hayaƙi, babu komai.

Na ce, "Bawana, ka kai ta garaji a Maradi mana."

"Ni? In kai Hajiya wurin yaran da na girme wa ubanninsu, su kwance mata ciki? Ruwa ba ya ɓacewa, Hajara, wuri yake sakewa. Zan gano inda ya koma."

Wannan magana ta zama waƙarsa. Ko butarsa ce ta zube, ruwa ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa.

Maƙwabcinsa tsoho Jatau, wanda har ya bar duniya bai saki al'adar kakanninsa ba, ya jawo shi gefe cikin mutunci ya ce, "Idi, daga tabki kake ɗibar ruwan nan, ba ka taɓa neman izini ba. Masu wurin ne ke karɓar abinsu a hanya."

Idi yana girmama Jatau ƙwarai, gero ma tare suke cinye na juna. Ya sunkuyar da kai ya yi dogon tunani.

"Baba, na ji. Amma mai tabki guda, da kifinsa da inuwarsa, ya bar shi ya biyo ni cikin rana don ya sha tafasasshen ruwa mai tsatsa? In haka ne, shi ma yana bukatar a duba shi."

Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma ku lura, daga ranar Idi ya koma ɗibar ruwan rijiya. Na tsokane shi, ya ce wai ya fi kusa.

Sai aka shiga magunguna. Wani direba ya gaya masa ɗanyen ƙwai yana toshe ƙaramar huda, ya fara sace wa matarsa Abu ƙwan zabi yana fasawa cikin radiyata. Abu ta yi ta zargin muzuru, har ta kama Idi da ɓawo a aljihu. Wani kuma ya ce garin barkono ya fi, ya zuba rabin gwangwani. Ranar duk wanda ke bayan mota atishawa yake yi. Wata tsohuwa ƴar garin Sarkin Yamma ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, in miyar ta nuna a sa mani, ga tuwona a ƙulle."

"Inna, saura daddawa," in ji Idi, ko murmushi babu.

Muna ta dariya, muna ɗaukar abin wasa, har ranar da maciji ya sari ɗana Sani a lambu. Lokacin har ya yi iyali, yana can yana ban ruwan albasa. Aka kai shi gidan likita na nan gari, suka yi abin da za su iya, suka ce a wuce da shi Maradi maza. Motar da ke kusa ta Idi ce. Muka kwantar da Sani a baya, kansa a cinyata, ƙafa ta kumbura kamar turmi.

Tsakiyar hanya Hajiya ta tafasa. Tururi ya turnuƙe gabanmu, inji ya fara ƙara, dole ya tsaya. Rana tsaka, ba mota gaba ba mota baya. Idin da kullum ke yi wa mutane faɗa kada a taɓa murfin radiyata sai ta huce, shi ne ya naɗe hannu da hularsa ya murɗe shi nan take. Ruwan ya watso masa har gwiwar hannu. Wallahi ko duban hannun bai yi ba. Ya sheƙa da gudu wajen wasu mata da ke dawowa daga rijiya, ban ji abin da ya gaya musu ba, na dai ga sun biyo shi da tuluna suna salati. Ya tada inji, ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, fatar hannu ta saluɓe.

"Hajara, riƙe mani yaron nan da magana," ya ce. "Kada ki bari ya yi barci."

Muka isa. Sani ga shi nan zaune cikinku, shi ya shimfiɗa muku tabarmin nan. A bakin asibiti na ga abin da ban taɓa gani ba: Idi ya jingina da mota yana hawaye. Na matsa zan yi masa godiya, ya ɗaga mani hannun da ya ƙone.

"Da ya mutu, taurin kaina ne ya kashe shi."

Na zaci daga nan garaji zai nufa. Ina! Idi ne fa. Hannu na warkewa ya zo ƙofar gidana da Hajiya tsirara: ya kwance kafon, murfin injin nan, gaba ɗaya, inji a fili, kowa na kallo.

"Shigo, idonki ya fi nawa. In tana tsaye ba ta zubarwa, ashe sai tana tafiya. Yau a gabanmu za ta yi."

Muka ratsa gari, ƴan kasuwa na ihu wai Hajiya ta fita ba lulluɓi. Muka ɗauki hanyar Gabi inda yashi ya fi yawa, don inji ya wahala. Can sai na ga ɗan feshi siriri yana sauka kan gilashi, yana bushewa nan take. Na nuna masa. Ya zuro hannu ta taga ya shafo, ya kai baki. Idonsa ya kawo ruwa.

"Barkono! Allahu akbar, barkonona ne! Ga ɓarauniyar hanya!"

Daga wuyan radiyata yake fita, ta gefen murfi. In ta yi zafi sai ya tsere a tururi, iska ta kwashe, shi ya sa ƙasa ba ta taɓa shaida ba. Da ta huce ya cire murfin ya juya shi. Robar da ke ciki ta tsattsage. Na karɓa na duba, na ga shuɗiya ce, da ɗan zanen fure a jiki. Na ɗago na dube shi.

"Idi, wannan ba silifana ba ne? Wanda ya ɓace ranar bikin ƴarka, na koma gida da ƙafa ɗaya?"

Ashe tun shekarun nan robar asali ta lalace, ya ƙi sayen murfi, ya yanka takalmina ya cusa! Na buɗe baki zan fara, ya riga ni.

"Ka ji! Dama na san kayanki ba su da amana. Wata da watanni ina zargin bayin Allah, har da aljanu, ashe ke ce."

Washegari ya sayi sabon murfi, Hajiya ba ta ƙara shan ko kurɓi ba. Ni kuma ya kawo mani silifa a leda, da fuska a murtuke. Na buɗe, ƙafa ɗaya ce, ta hagu.

"Ɗaya na ɗauka," in ji shi.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Na je duba shi ana gobe zai cika, ya rame, murya ta dushe. Na zauna ina neman abin tsokana, sai hawaye suka zubo mani. Shi ne ya kamo gefen zanena ya ce, "Ke, ba a yi wa taubashi kuka, mutane za su ce kina so na." Sai ya ce in yafe masa. Na ce babu abin yafewa, ya ce a'a, in dai faɗa ya ji da kunnensa. Na faɗa.

Allah ya jiƙan Idi. Allah ya dubi hannun nan da ya ƙone saboda ɗan wani, ya haramta wa wuta sauran jikinsa. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ba Abu da yara haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.